Dakta da Makullin Ɗakin Kaji

Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa motar asibitin dabbobi, kuma a ganinsa wannan ya fi digiri. Ranar da ya yi ritaya, likitan da yake tuƙawa ya ba shi tsofaffin takalmansa na roba masu kaiwa gwiwa, wai ya riƙa shiga lambu da su in an yi ruwa. Mutumin naku ya rungumo su zuwa gida kamar an miƙa masa takardar shaidar gama karatu. 'Yan layi suka laƙaba masa "Dakta" don tsokana, shi kuwa ya amsa da gaske, har ta kai in ka kira shi da sunansa na ainihi ba ya waiwayowa.

Ni dai abin da na sani, a duk shekarun nan Dakta bai taɓa wuce ƙofar gona ba. Likita zai sauka ya sa takalma ya shiga ɗakin kaji, Dakta ya kwantar da kujera ya kunna rediyo. In likita ya fito sai ya tuɓe takalman ya ƙulle a buhu, a koma asibiti wani ya dirje su da ruwan zafi a bayan gini, inda direba ba shi da abin yi. Iyakar abin da ya gani ta gilashin mota ke nan: mutum ya sa takalma ya shiga, bayan kwana biyu a ce kaji sun warke. Don haka ya yanke cewa sirrin yana cikin takalman, kuma tun da suka zo hannunsa bai bari ruwan wanki ya taɓa su ba.

Wuri ɗaya ne a duniya ya gagare shi, wato ɗakin kajin matarsa. Mai Ƙwai ake ce mata a layin. Da kaji uku ta fara shekara tara da suka wuce, yanzu ɗaki biyu gare ta a bayan gida, na gaba na masu ƙwai, na ciki na 'yan tsaki sittin da ta raina da hannunta, satinsu biyu a duniya. Tun da maigida ya ajiye aiki, ƙwan nan ne yake ɗora tukunya a gidan. Ƙofar tana da kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zaninta, silifas ɗin da take shiga da su ma daban ne, ba sa taka ko tsakar gida.

"Ba ni makullin nan in duba miki su," in ji Dakta wata safiya.

"Lafiyarsu ƙalau, Malam."

"Ke kin san lafiya ne? Kaza tana iya ci, ta sha, ta yi ƙwai, alhali a ciki ta daɗe da mutuwa."

"To a bar min su su ci gaba da mutuwa a hakan."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ga gwani a cikin gida, amma an mai da shi mai gadin tukunyar shayi. Ya buga ƙafa ya ce sai ya gyara kajin layin nan kaf, har ta zo da kanta ta roƙe shi.

"In ka gyara su," in ji ta tana jera ƙwai a kiret, "ni zan sa maka makullin a tafin hannu."

Kamar an aiko, ranar Litinin sai ga maƙwabcinsu Tela a ƙofar gida yana haki. Ya sayo 'yan tsaki a kasuwa ya zuba su cikin tsofaffin kajinsa a bayan shago, yanzu sun taru a lungu sun saki fukafukai, gashinsu ya tashi, kashinsu kuma da jini. Kafin ya gama bayani Dakta ya zura takalma, ya ɗauki sandarsa da wani madubin ƙara girma da ya samo wurin mai gyaran agogo.

Ya shiga ɗakin Tela ya zagaye shi sau uku, yana taka duk abin da ke ƙasa. Ya tsuguna ya tona kashin da sanda, ya kanne ido ɗaya, ya kafa madubi.

"Na gan shi! Ga ɗan banzan nan. Ƙafarsa shida."

Tela ya leƙo ta kafaɗarsa. "Dakta, ai tururuwa ce."

"Haka yake ɓad da kama. Kai ɗinki ka sani."

"To jinin fa?"

"Mataccen jini ne yake fita, ka gode wa Allah. Zafi ne ya dafa musu hanji. Wannan dusar katakon da ka shimfiɗa ta bushe da yawa. Ka riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma, ɗakin ya yi sanyi."

"Matarka ta ce kada in bari ta jiƙe."

"Matata ta taɓa shiga motar asibiti?"

Tela ya yarda ba ta taɓa ba, ya tafi neman bokiti.

Washegari Dakta bai jira a kira shi ba. Ya nufi gidan Mai Walda, wani ƙato mai kaji arba'in a ɗakin ƙarfe da ya haɗa da kansa, kowace tana sheƙi.

"Ban aika a kira likita ba," in ji Mai Walda.

"Shi ya sa na zo. Wanda ya jira sai kaza ta faɗi, mahauci yake nema. Rigakafi zan yi musu."

"Da me?"

"Da ido tukuna."

Ya kutsa kai kafin a hana shi. Abin da bai sani ba, akwai wani jan zakara a ciki wanda ko mai gidan sai da murfin tukunya yake shiga wurinsa. Zakara ya kalli takalman, ya kalli mai takalman, ya tashi sama. Dakta ya ja da baya ya taka mazubin ruwa, ya tafi ƙasa da mazaunai, ruwa ya malale ɗakin. Ya miƙe ya yi gabas zakara ya tare shi, ya yi yamma ya same shi a can. Babu kusurwar da takalman nan ba su taka ba. Da ƙyar ya sami ƙofa ya fito, hula a hannu, gashin kaza a gemu.

Matar Mai Walda tana dariya har da riƙe bango.

"Ƙarfin jininsa na gwada," in ji Dakta yana kakkaɓe riga. "Ya ci jarrabawa. Kuma kada ka share ruwan nan, da gangan na zubar."

"Faɗuwar ma da gangan ce?"

"Ta ƙasa ake gane cuta, ba ta sama ba."

Ranar Laraba ya dira gidan Goggo, tsohuwar da ke ƙarshen layi. Kaji biyar gare ta da 'ya'yansu a wani ɗan ɗaki mai gajeriyar ƙofa, kowace da sunanta. Ita kaɗai ce a layin ba ta taɓa ce masa Dakta ba.

"Direba, me ya kawo ka?"

"Goggo, annoba ta shigo layi. Na zo in tsare miki kajinki."

"Da wa ya tsare su kafin a haife ka?"

Tana cikin magana ya riga ya duƙa ya shige. Can sai ya ji tsakuwa tana sukarsa a tafin ƙafa. Ya dafa bango, ya zare takalmin dama, ya nemi abin bugawa, bai ga komai ba sai bakin kwanon abincin kajin. Ya buga sau huɗu. Tsakuwa ta faɗo, tare da ita busasshen taɓon da ya kwaso daga gidan Tela da na Mai Walda ya zube cikin abincin. 'Yan tsaki suka rufa a kai suna tsattsaga.

"Kin gani? Cin abincinsu ma ya ƙaru tun ban fita ba."

"Fita min daga ɗaki, kai da ƙazaman ƙafafunka."

Ya koma gida ranar yana taku ɗai-ɗai. Ya tsaya a gaban kwaɗon matarsa ya yi gyaran murya. Ta wuce shi da kwanon dusa.

Ranar Lahadi kajin Mai Walda suka daina ci. Ranar Litinin 'yan tsakin Goggo suka taru a lungu. Na Tela kuwa, da ake yi wa ɗakinsu ban ruwa safe da yamma, kullum sai an fitar da biyu ko uku a shebur, ɗakin yana wani wari da har masu kawo ɗinki suka fara tsayawa daga bakin titi suna miƙo yadi.

Wani zai ji kunya ya ɓuya. Dakta sai ya ninka aiki. Da safe Tela, da hantsi Mai Walda, da rana Goggo in ta tafi ɗebo ruwa, da yamma ya sake zagayowa. Takalman suka yi nauyi har tafiyarsa ta canza. Da Mai Walda ya tare shi a hanya ya ce tun ranar da ya shigo masa gida bai ga daidai ba, Dakta ya riƙe haɓa ya yi dogon tunani, sannan ya nuna shi da sanda.

"Na gano. Hasken waldarka ne."

"Me?"

"Wannan shuɗin hasken. Mutum ma sai ya sa baƙin gilashi. Kaza fa? Ta ido yake shiga ya ƙona hanji."

"Shekara goma ina walda a gidan nan!"

"Shekara goma yana taruwa."

Tela, da yake neman wanda zai ɗora wa laifi, ya ce wallahi maganar akwai ƙamshin gaskiya, don shagonsa yana kallon na Mai Walda. Mai Walda ya ce in haske ne me ya sa na Tela suka riga nasa. Dakta ya ce ai haske daga nesa ya fi kaifi. Kafin azahar maƙwabta biyu da suka shekara suna shan shayi tare sun daina gaisawa, Goggo kuma ta zauna a ƙofar gidanta da mataccen ɗan tsako a cinya tana tsine wa direbobin duniya.

Dakta ya sanar cewa ranar Asabar da hantsi kowa ya hallara a gaban shagon Tela, zai bayyana sakamakon bincikensa, a kuma yanke yadda za a yi da injin walda. Mai Ƙwai ta ji sanarwar, ta shiga ɗaki ta kira autarsu a waya. Auta tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibitin dabbobi a cikin gari, ita ce mai duba kashi da jini a madubin likita.

"Bari ta zo," in ji Dakta da ya ji. "Za ta ƙaru."

Safiyar Asabar Mai Ƙwai ta ba kajinta abinci, ta yi wanka, ta canza kaya, ta tafi tasha tarbo 'yarta. Dakta yana gyara hula a tsakar gida sai idonsa ya faɗa kan zanin da ta cire, rataye a ƙofa, bakinsa da ɗan ƙulli.

Ya kalli zanin, ya kalli ƙofar gida. A ransa ya ce yau zai tsaya gaban jama'a ya yi maganar rigakafi, in wani ya tambaye shi ko ya yi wa na gidansa fa? Kuma matar nan taurin kai ne zai ja mata, annoba tana zagaye da ita tana wasa da kwaɗo. Taimakonta zai yi, daga baya ta gode.

Ya kwance makullin. Ya shiga ɗakin gaba ya zagaya, kaji suna darewa. Ya tura ƙofar ciki, 'yan tsaki sittin suka yo kansa suna tsammanin abinci, suna tsattsagar taɓon takalmansa. Wallahi sai da suka ba shi sha'awa, ƙananan abubuwa masu tsabta, kowane ido tar. Dusar ƙasan kuwa a bushe ƙamas, ya girgiza kai don takaicin jahilci, ya je ya ciko bokiti ya yayyafa, ya ga bai isa ba ya ƙaro na biyu. Yana rufe kwaɗo ya ji Tela yana ƙwala masa kira daga waje cewa jama'a sun taru. Ya jefa makullin a aljihu da niyyar mayarwa in ya dawo.

Gaban shagon ya cika. Har waɗanda ba su da ko kaza ɗaya sun zo, don an ce za a yi rigima. Dakta ya hau kan benci ya fara da tarihin aikinsa, gonakin da ya je, manyan likitocin da suka zauna a gefensa. Yana cikin bayanin yadda haske yake bi ta ido ya sauka hanji sai ga Mai Ƙwai da Auta, Auta riƙe da ƙaramin akwati.

Auta ta durƙusa ta gaishe shi. "Baba, sannu da ƙoƙari. Ka ba ni izini in ɗan duba?"

"Duba, 'yata. Ki tabbatar musu."

Ta sa leda a ƙafafunta ta shiga bayan shagon Tela, ta fito ta cire ta sa wata ta shiga gidan Mai Walda, haka gidan Goggo. Dakta ya ce wa na kusa da shi yaran yanzu ƙyanƙyami ya yi musu yawa. Ta dawo ta buɗe akwatin a kan teburin yankan Tela, ta fito da madubin likita, ta dama ɗan kashi da ruwa, ta ɗiga a kan gilashi ta duba. Ta yi haka sau uku.

"Ba haske ba ne," in ji ta a hankali. "Wata ƙwayar cuta ce da ke zama a hanjin kaza tana cinye shi, shi ya sa kuke ganin jini. Ƙwayayenta suna fitowa a kashi, wata kazar ta tsattsaga ta haɗiye. Ido ba ya ganinsu. Ku zo ku duba."

Aka yi layi. Mai Walda ya duba ya ce kamar ƙananan ƙwai. Goggo ta duba da idon da ba ya gani sosai ta ce ta gan su, munafukai.

"Abin da na faɗa ke nan," in ji Dakta daga kan benci. "Ƙafa shida."

"Ba su da ƙafa, Baba. Ba sa tafiya da kansu, sai an ɗauke su. A busasshen wuri ba su da ƙarfi, in ƙasa ta jiƙe kuwa nan suke nuna su zama masu kamawa."

Tela ya juyo a hankali ya kalli bencin. "In ƙasa ta jiƙe?"

"Wa ya ɗauke su daga gidan Tela ya kawo nawa?" in ji Mai Walda. "Kajina ba sa fita."

Auta ta kalli ƙafafun ubanta, ta sunkuyar da kai, ta fara rufe akwati. "Baba, mu je gida, akwai maganar da zan faɗa maka."

"A'a! Ni ba na ɓoye-ɓoye a aiki. Faɗi a nan kowa ya ji. In mutum ne ki kama sunansa, ko wane ne."

"Baba, don Allah."

"Na ce ki faɗa!"

Ta numfasa. "Yaushe ka fara shiga gidan Mai Walda?"

"Talata. Litinin Tela, Talata Mai Walda, Laraba Goggo. Ni ba na mantuwa."

"Nasa suka kwanta yaushe?"

"Lahadi," in ji Mai Walda.

"Nawa Litinin," in ji Goggo.

"Kwana biyar take yi a ciki kafin ta nuna," in ji Auta. "Baba, ɗaga min ƙafarka."

Ya ɗaga, don bai ga hanyar ƙi ba. Yana tsaye da ƙafa ɗaya a kan benci, dafe da kan Tela, 'yarsa ta kankaro taɓo da tsinke daga ƙasan takalmin. Ta dama ta ɗiga ta duba, ta ja da baya. Mai Walda ya kafa ido a madubin ya daɗe.

"Jama'a," ya ce, "na gidajenmu ƙauye ne. Ga babban birninsu nan."

Wurin ya kece da dariya. Tela ya janye kansa, Dakta ya yi tangal-tangal ya sauko da takalmi ɗaya, ɗayan ya tsaya a hannun Auta. Goggo tana ta faɗin ai ta faɗa, ta faɗa tun ranar. Amma mutumin naku bai ƙare ba. Ya ɗaga hannu ya yi tsawa.

"To ku tsaya! In takalmina ne, me ya sa kajin gidana suke lafiya? A gidan nake kwana, a gidan takalman suke kwana. Ko ɗaya ta yi atishawa? Ku tambaye ta, ga ta nan!"

Aka juya ga Mai Ƙwai. Ita ba mai son magana a taro ba ce, amma ta gyara tsayuwa.

"Lafiyarsu ƙalau," ta ce. "Shekara tara ƙafarsa ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Maganin da nake ba su ke nan."

Dariyar wannan karon har da masu zama a ƙasa. Mai Ƙwai ta kai hannu bakin zaninta don ta nuna musu makullin, ta shafa ba ta ji komai ba, ta ce au, ta bar shi a wancan zanin. Ba wanda ya kula. Auta tana ta yi wa su Tela bayani: a kwashe jiƙaƙƙiyar dusar yau ɗin nan a zuba busasshiya, a ɗaga mazubin ruwa kada ya riƙa zuba, a raba ƙanana da manya, kowane ɗaki da takalminsa, ga sunan maganin da za a sa musu a ruwan sha.

"Wanda aka farga da wuri ana cetonsa," ta ce. "In aka jira sai an ga jini, manya za su iya tashi, amma ƙanana sai dai abin da Allah ya tsare."

Dakta yana tsaye da safa ɗaya a ƙasa, hannunsa a aljihu, makullin yana cikin tafinsa. Hanya a buɗe take. Zai iya riga su zuwa gida, ya ɗaure shi a zanin, dusar ta sha iska kafin yamma ta ɗan bushe daga sama. In bayan kwana biyar abu ya faru, ai annoba ce a layi, wa zai ce shi ne? Abin da ya rage masa na mutunci a duniya ɗan wannan ne. Sai ya tuna yadda suka yo kansa da gudu, su sittin, suna cin taɓon ƙafarsa don sun ɗauka abin kirki ya kawo musu.

Ya fito da makullin ya miƙa mata a gaban kowa.

Dariyar ta mutu. Mai Ƙwai ta kalli makullin, ta kalli mijinta.

"Yaushe?"

"Da kika tafi tasha."

"Har ɗakin ciki?"

"Har ɗakin ciki."

"Ka zuba ruwa?"

"Bokiti biyu."

Ba ta zage shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta karɓi makullin ta juya, tafiya ta koma sauri, sauri ya koma gudu, mace mai jikoki tana gudu a tsakiyar layi, Auta tana bin ta da akwati. Mai Walda ya shiga gida ya fito da shebur da baro ya bi su. Tela ya rufe shago. Goggo ta tsaya a gaban Dakta ta dube shi sama da ƙasa.

"Cire ɗayan ma, Direba."

Ya cire. Ta sa sanda ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ta jefa a tsohuwar gangar da Mai Walda yake ƙona shara.

Ranar aka kwashe dusar ɗakunan biyu har ƙasa, aka ƙone, aka mai da 'yan tsakin wani busasshen wuri, aka sa magani a ruwa. Dakta ya zo da safa zai kama baro, matarsa ta nuna masa wani dutse can gefen katanga, ya je ya zauna. A kan dutsen nan ya wuni, washegari ma haka. Ba ta hana shi abinci ba, ba ta kuma yi masa magana ba. In ta fito daga ɗakin sai ya leƙa fuskarta, ita kuwa ta wuce.

Rana ta shida da safe ta buɗe kwaɗo ta shiga ta daɗe. Yana jin kukan 'yan tsaki daga ciki, da yawa, suna rigimar abinci. Sai ga ta ta fito da guda uku a tafin hannu, sun sandare, ƙafafunsu a miƙe. Ta zo ta shimfiɗa su a ƙasa a gabansa, ta goge hannu a zani.

"Sauran sun tashi," ta ce. "Waɗannan kuma, Dakta, a duba mana. Me ya kashe su?"

Ya kalle su. Bai nemi sanda ba, bai nemi madubi ba.

"Ni ne," ya ce.

"To," in ji Mai Ƙwai, ta ɗaure makullin a bakin zaninta ta ƙara ƙulli na biyu. "Yau dai ka gano cuta daidai. Tashi ka haƙa rami."